Inda Kwalta Ta Fi Sheƙi

Ƙarar da ta tsayar da ƙafar Amarya a kan keken ɗinki ba wata babba ba ce. Da babba ce ma da ba ta ɗaga kai ba, don matar direba ce, kunnenta ya saba da buge-bugen ƙarfe. Wannan gajeriya ce, kamar an taka gwangwanin madara, daga ita sai shiru. Shirun ne bai kwanta mata ba. Mijinta ba ya shiga ƙarƙashin mota ya rufe bakinsa. In ba yana rera waƙar da bai iya ba, to yana yi wa tsatsa faɗa kamar tana jinsa.

"Direba?" ta kira daga ɗaki. Haka take kiransa, haka kowa yake kiransa, in ban da uwarsa, Inna, da take ce masa Auta.

Babu amsa. Injin niƙan da ke ƙetaren layi ne kawai yake ta ruri.

Ranar shafa kwalta ce. A-kori-kurar Direba gishiri da takin zamani take ɗauka daga kasuwa zuwa shaguna, su kuwa waɗannan biyun ba su da imani a kan ƙarfe. Abin da ya zube a bayan mota, ruwa ya wanke shi ya gangara, sai ya zauna yana cin shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da motar duka take kwance a kansu. Saboda haka duk ƙarshen damina Direba yakan fasa fita aiki, ya shigo da motar tsakar gida, ya cire taya, ya shimfiɗa kwali, ya shige da buroshin waya da guduma da gwangwanin wani baƙin fenti mai kauri da shi yake kira kwalta. Ba ko'ina yake shafawa ba, sai inda tsohon shafin ya ɓare. Kafin ya shafa kuma sai ya ƙwanƙwasa wurin da guduma, ya karkata kai ya saurara. Amarya ta sha gaya masa cewa da zai saurari mutanen gida rabin yadda yake sauraron ƙarfen nan, da an huta da maimaita magana.

Wuri ɗaya ne bai taɓa ƙwanƙwasawa ba, a gefen hagu, gab da tayar baya. Wanda ya sayar masa da motar ya lafta wa wurin kwalta mai kauri, baƙa wuluk, tana sheƙi, ko ɓarewa ba ta taɓa yi ba. Har baƙi Direba yake sa su durƙusa su gani. "Wanda ya yi wannan ya san aikinsa," in ji shi. Mutumin da ba ya yarda ko makaniki ya taɓa masa mota sai yana tsaye a kansa, amma ya yarda da sheƙi. A daidai wurin nan yake kafa ƙarfen nan mai ƙafa uku da ke tokare motar in an cire taya, sannan ya sauke jak ya ture shi gefe don ya sami wurin motsi.

Da Amarya ta fito, abin da ta fara gani shi ne motar ta karkace, ta kwanto ta gefen da babu taya. Ƙafafun Direba sun leƙo daga ƙarƙashin bayanta, dugadugansa suna kartar siminti a hankali.

Ba ta san lokacin da ta zube a kan gwiwoyinta ta leƙa ba.

Kan mai ƙafa ukun ya huda shasin ya shige ciki. Baƙar kwaltar nan mai sheƙi ta yage, ga abin da ke bayanta ya fito fili, ja-ja, ruɓaɓɓe, yana ɓarewa ganye-ganye. Ashe fata ce kawai ta rage. Ƙaton ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya kuwa ya sauko ya zauna wa Direba a ƙirji. Fuskarsa ta kumbura ta yi duhu, idanunsa sun firfito, bakinsa a buɗe, yana jan iska ƙanana-ƙanana, ba ta shiga sosai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Direba! Wayyo Allah na, Direba!"

Ta miƙe ta kama gefen motar da hannu biyu ta yi sama da ita da iya ƙarfinta, kamar yadda kowa yake yi in hankalinsa ya tafi. Motar ko gezau ba ta yi ba, sai wani ɗan kuka da ƙarfe ya yi a ƙasa. Ta ji Direba yana buga tafin hannunsa a siminti, ta gane cewa yake ta bari.

Ta sake leƙawa, wannan karon ta ga abin da ya fi na farko tayar da hankali. Motar ba ta gama sauka ba. Kan mai ƙafa ukun ya je ya tokari saman shasin ta ciki, nan ya tsaya, shi kaɗai ya hana sauran nauyin sauka a kan mijinta. Saman kuwa ɗan'uwan ƙasan ne. Garin tsatsa yana ta zubowa daga ramin, yana sauka a kan kwali, ƙas-ƙas-ƙas, bai tsaya ba. In saman nan ya huje, shi ke nan.

Ta ruga bakin ƙofar gida ta leƙa. Layin fayau, rana ta take, maza sun tafi nema, yara suna makaranta. Ta kwarma ihu har maƙogwaronta ya yi zafi, injin niƙa ya haɗiye ihun. Ta duba nisan da ke tsakaninta da shagon mai niƙa, ta tuna garin tsatsar nan. Kafin ta je, a kashe inji, ta yi bayani, a biyo ta, sai dai a zo a taya ta kuka. Ta juyo da gudu.

"Ka gaya mini abin da zan yi," ta ce, ta kwantar da kumatunta a siminti. "Ka gaya mini, zan yi."

Leɓunansa suka motsa. Sai da ta matso da kunnenta har kanta yana taɓa ƙarfe sannan ta ji.

"Jak."

Jak ɗin yana can gefe, jan nan mai kama da kwalba, kusa da guntun katakon da yake ɗora shi a kai. Ba ta taɓa ɗaga shi ba. Ta jawo shi a ƙasa, nauyinsa ya ba ta mamaki. Ta so ta cusa shi ƙarƙashin ƙarfen da ya danne Direba, ya ƙi shiga, motar ta yi ƙasa da yawa a nan. Sai ta ɗora shi a kan katakon, ta tura shi ƙarƙashin shasi, kusa da mai ƙafa ukun, inda kwaltar take da sauran kyanta.

Ya buga siminti da ƙarfi, ya sake bugawa.

"Ba nan ba? To ina? Direba, ina?"

Ta bi dogon ƙarfen da kallo daga baya har gaba. Baƙi ne duka. Shafin bara, shafin bara waccan, shafin mai motar na farko, duk sun haɗu sun zama abu ɗaya, babu mai iya cewa ga lafiyayye ga ruɓaɓɓe. In ta kafa jak a kan wani ruɓaɓɓen, zai huda shi ma, ya girgiza motar, ta ƙarasa da hannunta abin da tsatsa ta fara. Tsoro ya kama ta sosai.

"Gudu…" in ji shi. Iskar ta ƙare masa a tsakiyar kalmar.

"Ba inda zan gudu! Ina zan je in bar ka?"

Yatsansa ya yi nuni can kusa da ƙugunsa. Gudumar ce, kwance a kan kwali. Sai a lokacin ta gane.

Ta miƙa hannu ta jawo ta. Shekara da shekaru tana jin wannan ƙwanƙwasar daga ɗaki, tana tsaki, tana ƙara ƙarar rediyo, ashe kunnenta yana ta karatu ba ta sani ba. Ta ɗan buga kusa da inda ta so kafa jak. Ɗuf. Ƙarar ta mutu a wurin, garin tsatsa ya ƙara zubowa daga ramin. Ta rintse ido ta matsa gaba. Ɗuf. Ta ƙara matsawa ta buga, wannan karon bakin gudumar ya lotsa wurin, kwaltar ta tsage. Motar ta yi ɗan nishi, Direba ma ya yi. Kowane bugu tana jin kamar a ƙirjinsa take yi, amma ba ta da wata hanyar tambayar ƙarfen.

Can gaba kaɗan akwai wani wuri mummuna, inda ya kankare da buroshi da safen nan bai kai ga shafawa ba, duk zane-zanen waya. Ta buga. Ƙwal! Ƙarar ta tashi ta bi ƙarfen har gaba. Ta sake bugawa don kada kunnenta ya yi mata ƙarya, ta sake jin ta tas. Ta ja katako da jak ta kai su nan.

Ta zura sandar jak ɗin a gurbinta ta fara dannawa. Sandar tana sauka tana hawa sakayau, babu abin da yake motsi. Ta ƙara sauri, gumi yana shiga mata ido. Babu.

"Ya lalace! Direba, ba ya tashi!"

"Noti," ya ce. Ya huta. "Ɗaure."

Ta laluba gindin jak ɗin ta sami wani ɗan noti mai kunne biyu. Bakin sandar yana da tsaga daidai da shi. Ta saka, ta murɗa dama kamar yadda take ɗaure na kekenta, har ya cije. Da ta mayar da sandar ta danna, sai ta ji nauyi a hannunta. Kan jak ɗin ya fara fitowa, a hankali, a hankali, kamar ba ya so. Ya taɓa shasi. Sandar ta yi tauri. Ta hau ta da hannu biyu tana ambaton Allah, ƙarfe yana ta ƙara a ko'ina, motar ta fara ɗagowa.

Sai Direba ya ƙwalla ƙara.

Ba ta taɓa jin irin wannan ƙarar daga bakinsa ba. Hannunta ya tsaya cak. Ƙarar ta koma tari, tarin ya koma gurnani, a cikin gurnanin ta tsinci kalma ɗaya.

"…saki."

Ashe ɗagawar da take yi wani wurin take danne masa. Ta ɗaga nan, can ya sauka a wuyansa ko a kansa, ita ce take kashe shi. Ta zare sandar da sauri, ta saka bakin sandar a kan ɗan notin nan. Murɗawa kaɗan hagu, motar za ta koma inda take.

Ba ta murɗa ba. Wani abu ya tsaya mata a rai, sai da ta ja numfashi ta gane ko mene ne.

Tun da aka ɗaura musu aure, Direba bai taɓa ce mata "saki" ba. Mutum ne mai waswasi a kan igiyar aure. Yana saurayi ya ji a wani wa'azi cewa kalmar nan ba a wasa da ita, shi ke nan ya ɗauke ta ya jefar daga bakinsa. In suna shanya yana so ta saki igiya, sai ya ce "cika". In akuya ce, "ƙyale ta". In noti ne, "sassauta". Abokansa sun yi masa tsiya har sun gaji, malamai sun yi masa bayani cewa ba haka abin yake ba, ya ce ya ji, amma bakinsa nasa ne. Hanya ɗaya ce kalmar take fita daga bakinsa a gabanta, in da "kar" a gabanta, don a cewarsa hani ba ya kwance komai. Mutumin nan ko mutuwa yake yi, "sassauta" zai ce.

Kar ki saki. Abin da ya ce ke nan, farkon ya maƙale a ƙirjinsa. Ƙarar ma da ya yi, ai sai da iska ake ƙara, ɗazu ko sunanta ba ya iya kira.

Ta mayar da sandar gurbinta. Da ta ɗora hannu ta ji ta yi laushi, ta duba, kan jak ɗin ya koma ciki kaɗan a ɗan tsayawar nan da ta yi. Baƙin mai yana tsiyaya a wuyansa. Ta danna, ta danna, har ta mayar da abin da ya sauka ta ƙara.

"Yana… sauka da kansa," in ji Direba. Yanzu muryarsa tana fita, siririya. "Tsoho ne. Kar ki tsaya."

"Ba zan tsaya ba. Ka fito, ka ja jikinka ka fito."

Ta ga dugadugansa sun tokari siminti sun zame. Sun sake gwadawa, sun sake zamewa.

"Ba na iyawa."

Nan ta ga inda ta tsaya. In ta bar sandar ta je ta jawo shi, motar za ta biyo ta ƙasa, kuma mai ƙafa ukun da zai tare ta ya riga ya karkace a cikin raminsa, ba ya riƙe komai yanzu. In ta zauna tana dannawa, shi yana nan kwance har hannunta ya gaji. Kafaɗunta ma sun fara ƙuna. Mutum biyu aikin yake so, mutum ɗaya kuma ya rage a gidan.

Ɗakin Inna yana can ƙarshen tsakar gida, ƙofar langa-langa a rufe, rediyo yana ta zuba a ciki. Inna ta tsufa, gwiwoyinta sun ƙi, kunnenta ya yi nauyi, ko da yake duk wanda ya faɗa mata haka ya shiga uku. Ita ce ta laƙaba wa Amarya wannan sunan ranar da aka kawo ta, ba ta kuma canza ba har 'ya'ya suka yi tsawo. Ba su taɓa faɗa ba, ba su kuma taɓa sakewa da juna ba. Gaisuwa, kai abinci, "sannu Inna", "yawwa Amarya", iyakarta ke nan. A ganin Amarya, duniyar tsohuwar nan mutum ɗaya ne a cikinta, Auta, sauran duk masu yi masa hidima ne.

"Inna! Inna!"

Rediyo ya ci gaba da abinsa. Amarya ta cire silifarta da hannu ɗaya ta wurga, silifar ta faɗi a tsakiyar gida. Ta laluba ta sami sifanar taya, ta ce Allah ya yafe mata, ta wurga da iya ƙarfinta. Sifanar ta daki ƙofar surukarta, ƙarar ta cika gidan.

Rediyo ya mutu. Ƙofar ta buɗe, sandar Inna ta fara fitowa, sannan ita.

"Wane marar kunya ne yake jifan ƙofata? Amarya, ke ce? Yau kuma abin ya kai…"

Idonta ya sauka a kan ƙafafun da ke ƙarƙashin motar. Ba ta yi ihu ba. Ta taho, tana jan ƙafa, sandar tana ƙwanƙwasa siminti, tafiyar da Amarya ta ga kamar ba za ta ƙare ba. Da ta iso ba ta durƙusa ba, don gwiwar ba ta yi, sai ta saki jikinta ta faɗo zaune kusa da jak ɗin.

"Auta," ta ce.

"Inna," aka amsa daga ƙasa.

"Inna, ki kama nan!" Amarya ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi mata ba. "Ki danna ƙasa, ki ɗaga sama, ki sake dannawa. Kar ki tsaya ko me kika ji. In kika tsaya motar za ta sauka a kansa. Kin ji ni?"

"Na ji. Kurma ce ni?"

Ta ɗora busassun hannuwanta a kan sandar jak ɗin. Amarya ta janye nata. Inna ta danna, sandar ta ƙi. Ta sake dannawa, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, sandar ta ɗan sauka ta tsaya. Amarya tana kallon kan jak ɗin yana nutsewa, ta kai hannu za ta karɓa, Inna ta buge hannun. Tsohuwar ta gyara zama, ta kwantar da ƙirjinta a kan sandar, ta sauke mata duk ɗan nauyin da Allah ya bar mata. Sandar ta tafi ƙasa. Ta ɗago, ta ja ta sama, ta sake kwantawa.

"Tsayuwar me kike yi? Je ki ɗauko mini ɗana."

Amarya ta zaga bayan motar ta kama idon sawun Direba ta ja. Kwalin ya zame da shi kamar taki ɗaya, ya tsaya, Direba ya yi ƙara. Ta sake ja, abu ya riƙe shi.

"Riga," ya ce. "Ta maƙale… a kafaɗa."

Ta leƙa. Can ciki, wuyan rigar aikinsa ya sarƙe a bakin wani dogon noti da ya leƙo ƙasa. Hannunsa na wannan gefen ba ya ɗaguwa. Daga inda take ba za ta kai ba, ko da sanda.

Ta dubi duhun da ke ƙarƙashin motar. Ta dubi tsohuwar da take kwanciya tana tashi a kan sandar ƙarfe, numfashinta yana fita da shessheƙa. Abin da ke riƙe da motar ke nan. Amarya ta tuna 'ya'yanta za su dawo daga makaranta an jima, su tarar da ƙafafu huɗu a nan maimakon biyu. Ta ji tsoro ƙwarai, ta kuma ji kunyar jin tsoron. Inna ta ɗago suka haɗa ido. Tsohuwar ta ga abin da za ta yi, ba ta ce shiga ba, ba ta ce kar ki shiga ba, sai ta rintse idanunta ta sake kwantawa a kan sandar.

Amarya ta kwanta rub da ciki ta shiga.

Warin kwalta ya shaƙe ta. Gwangwanin ya kife, ta ji danƙon a gwiwar hannunta, a zaninta. Ƙarfe yana gogar bayanta. A nan ciki ana jin abin da ba a ji daga waje: duk lokacin da Inna ta kwanta, motar takan ɗaga kaɗan, duk lokacin da ta ɗago don ta ja numfashi, motar takan dawo, kuma dawowar ta fi ɗagawar. Ta gefe tana hango ƙafafun tsohuwar a miƙe, yatsunsu suna lanƙwashewa da kowane danni.

Ta ja jiki har fuskarta ta zo daidai da ta mijinta. Garin tsatsa ya cika masa gashin ido.

"Fita," ya ce. "Fita, don Allah."

"Yi mini shiru."

Ta kama wuyan rigar ta yi sama da shi don ta zare, ya ƙi, nauyin jikinsa ya ja shi ya ɗame. Ta ja, ta murɗa, farcenta ya karye. Ƙarfen da ke bayanta, wanda ɗazu yake gogarta, yanzu ya fara danna ta. Dannin Inna ya yi nisa da juna. Amarya ta kai bakinta ta cije bakin ɗinkin kafaɗar, ta ji ɗacin kwalta, ta ja da haƙori har zaren ya tsinke, ta zura yatsu biyu ta yage rigar har ƙasa.

Babu wurin juyawa. Ta ja da baya da gwiwar hannu, ƙarfen yana kankare mata baya, ɗankwalinta ya tsaya a can. Da ƙafafunta suka ji rana, ta miƙe a kan gwiwa, ta kama idon sawunsa, ta faɗa baya da dukan jikinta. Ya biyo ta. Ciki, ƙirji, wuya, sai ga fuskarsa a cikin haske. Ba ta tsaya ba, ta ci gaba da jansa yana ƙara har sai da ta ga kansa ya yi nisa da motar, sannan ta sake shi ta zauna.

Yana numfashi. Kowace shaƙa sai ya yamutsa fuska ya dafe haƙarƙari, amma ƙirjin yana hawa yana sauka, duhun fuskar yana washewa. Ta ɗora hannunta a goshinsa, kuka ya ƙwace mata.

Sai ta ji ƙarar sandar. Ba ta tsaya ba.

Ta rarrafa ta zaga gefen motar. Inna tana nan yadda ta bar ta, idanu a rintse, ɗankwali ya zame, furfura a waje, leɓenta na ƙasa ya fashe inda ta cije. Takan kwanta a kan sandar, ta daɗe, ta ɗago da ƙyar, ta sake kwantawa.

"Inna, ya fito!" Amarya ta ce da ƙarfi. "Auta ya fito, yana numfashi. Ki bari haka."

Tsohuwar ba ta buɗe ido ba. Ta ja sandar sama ta sake kwantawa.

"Inna, kin ji ni? Ya fito!"

"Na ji nasa," in ji Inna, muryarta tana yankewa. "Ke fa? Muryarki nake ji, ban san daga ina take fitowa ba. Kin fito?"

Amarya ta matsa ta ɗora hannunta mai kwalta a kan hannun tsohuwar. Inna ta laluba shi, ta bi shi da yatsu har kafaɗa, har wuya, har kumatu, sannan ta buɗe ido ta dube ta, ta cika sandar.

Motar ba ta faɗi nan take ba. Ta yi ta sauka a hankali, jak ɗin yana tsiyayar da mansa, har ƙarfen nan ya zauna a kan kwalin ya murƙushe gwangwanin kwalta. Inna ba ta ko waiwaya ba, hannunta yana nan riƙe da wuyan rigar Amarya.